Ɗiga da Yoyo: Darasi Daga Injin Tsohuwar Mota

Gabatarwa

Mu ɗaliban harshe mun sha jin malamai suna cewa da wuya a sami kalmomi biyu masu ma'ana ɗaya sak. Ni dai ban gane gaskiyar wannan magana sosai ba sai a ƙarƙashin wata tsohuwar mota, a hutun da na yi wajen kawuna a Agege. Wannan maƙala za ta bayyana yadda ake gano inda baƙin mai yake fita daga injin da aka sake haɗawa, irin wanda iska ke sanyaya shi, tare da nuna yadda bambancin kalmomin "ɗiga" da "yoyo" ya zama mabuɗin aikin.

Motar da Injinta

Motar kawu ƙirar Volkswagen Beetle ce, wadda Yarbawa ke kira "ijapa", wato kunkuru. A shekarar 1975 aka fara harhaɗa irinta a Ojo da ke Legas, kuma an ƙera ta ƙarshe a duniya a garin Puebla na ƙasar Meksiko a 2003. Injinta a baya yake, yana da silinda huɗu a kwance, biyu dama biyu hagu. Ba shi da lagireto, ba a zuba masa ruwa. Fanka ce ke hura masa iska, baƙin mai kuma yana taimakawa wajen kwashe zafi. Duka man da yake ɗauka lita biyu da rabi ne. Saboda haka yoyon da babbar mota za ta jure, wannan yana iya ƙona mata inji.

Kawu ya kashe kuɗi masu yawa aka sauke injin, aka sa masa sababbin fistin da ringi, aka sake haɗa shi. Bayan mako guda sai ga tabon mai a ƙasa kowace safiya. Da aka leƙa, sai aka ga man yana ɗiga daga murfin ƙasan inji, wanda noti shida ke riƙe da shi. Sau biyu ana canza gaskit ɗin wurin, ɗigar ba ta tsaya ba. Daga nan makanikin ya ce lalle mahaɗar gangar injin ce, sai an sake sauke shi an raba shi biyu. Kawu ya fusata, har magana ta fara zafi a tsakaninsu.

Bambancin Kalmomin

Wani dattijon makanike da kawu ya kira ya saurari bayani, sannan ya dube ni ya ce, "Ɗan makaranta, kai ne ka ce mai yana ɗiga. To, me ke yoyo?" Na rasa amsa. Da na yi nazari daga baya sai na lura cewa a Hausa ruwa ko mai shi ke ɗiga, amma mazubi shi ke yoyo. Muna cewa "tulu yana yoyo" ko "ɗaki yana yoyo", sannan mu ce "ruwa yana ɗiga". Ɗiga tana nuna inda mai ya rabu da jikin inji ya faɗo, yoyo kuwa yana nuna inda ɓarakar take. Mai yakan bi jikin ƙarfe ya gangaro har wuri mafi ƙasa, iskar tafiya kuma ta tura shi baya. Mu mun tsaya gyaran wurin ɗiga, alhali ba nan gizo ke saƙa ba.

Akwai kuma kalmomin da ke nuna yawan man. Naso shi ne damshi kawai a jikin ƙarfe, wanda ƙura ke mannewa a kai. Ɗiga ɗaya bayan ɗaya take zuwa. Tsiyaya ita ce zuba siririya marar yankewa. Feshi kuwa yana watsuwa ko'ina. Tsohon inji irin wannan ba ya rasa naso, amma wanda ke tsiyaya ba a hawa hanya da shi.

Matakan Bincike

Ga yadda dattijon ya bi da mu:

Na farko, a tabbatar da irin man. Man giya ya fi kauri, kuma yana da wari mai ƙarfi kamar na ƙibiritu. Idan shi ne, matsalar a giyabos take, ba a inji ba.

Na biyu, a duba sandar awon mai. Idan an zuba ya wuce layin sama, injin zai riƙa fitar da shi ko da lafiyarsa lau.

Na uku, a bar inji ya huce, a wanke shi tas da kananzir da buroshi, a bar shi ya bushe. Ba a bincike a kan datti.

Na huɗu, a shimfiɗa kwali mai tsabta a ƙasa, a barbaɗa farar hoda a wuraren da ake zargi. A tayar da inji na minti goma zuwa sha biyar, sannan a kashe. A kula da hannu da riga kusa da fanbel, da kuma zafin salansa.

Na biyar, a ɗauki tocila a bi sawun man daga ƙasa zuwa sama. Wuri mafi tsayi da ya jiƙe, nan ne yoyon yake.

Wuraren da Aka Fi Zargi

Murfin bawul: akwai ɗaya a kowane gefe, da gaskit a cikinsa. Idan ya goce wajen rufewa, mai yakan zuba a kan bututun hayaƙi, a ji ƙauri.

Bututan sandunan bawul: guda takwas ne a ƙarƙashin silinda, kowanne da roba a bakinsa biyu, wato robobi goma sha shida. Sabon haɗi yakan sami matsala a nan idan roba ɗaya ta karkace.

Na'urar sanyaya mai: tana cikin gidan fanka, a zaune kan ƙananan robobi. Yoyonta yakan jiƙe ɓangaren hagu tun daga sama.

Makunnin fitilar mai: ƙaramin abu ne mai waya ɗaya a gefen hagu na gangar inji. Shi ke kunna fitilar gargaɗi idan ƙarfin mai ya faɗi.

Babbar robar bayan faifan kuloci: idan ita ce, mai zai fito daga mahaɗar inji da giyabos, yana iya ɓata kuloci, kuma dole a sauke inji.

Bakin da fanbel yake: a nan masu ƙera injin ba su sa roba ba, wani faifai da zare ne ke mayar da mai ciki. Idan sabon ringi bai gama zama ba, iska takan taru a cikin ganga ta turo mai ta nan, ya zama feshi. Sai a duba ko bututun numfashin inji ya toshe.

Abin da Muka Gano

Kafin a kashe injin, wani siririn layi ya riga ya bayyana a cikin hodar. Na bi shi da tocila daga murfin ƙasa, ya hau gefen hagu, bai tsaya ba sai a makunnin fitilar mai. Tsohon aka mayar wajen haɗi, kuma ya tsage a wuyansa. Dattijon ya sa sabo da sifana cikin 'yan mintuna, ya kuma gargaɗi makanikin kada ya ɗaure shi fiye da kima, domin gangar ba ƙarfe mai tauri ba ce, tana iya tsagewa. Naso kaɗan da muka gani wajen fanbel ya ce a bar shi har ringi ya zauna. Washegari kwalin a bushe muka same shi. Kawu ya kira makanikinsa suka sasanta.

Kammalawa

Da an bi shawarar farko, da an raba lafiyayyen inji biyu, an kashe kuɗi, sannan a mayar da tsagaggen makunnin, ɗigar ta ci gaba. Ina ba 'yan'uwana ɗalibai shawara su riƙa zuwa gareji da littafi da biro. Ku saurari yadda makanikai ke amfani da naso, ɗiga, yoyo da tsiyaya, ku rubuta jimlolin da suka fito a ciki, ku lura da abin da ke zuwa a gurbin aikau a kowace jimla. Mai son ƙarin aiki ya gwada haka da "tsattsafo" da "kwarara", ya kawo mana sakamakonsa a fitowa ta gaba.