TUKUNYA ƊAYA TA ISHE MU SALLAH: DARASI GA WANDA BA YA SON GIRKI

  

Darasinmu na wannan fitowa zai ajiye allo ya shiga madafa. Na san wani zai ce me ya haɗa mujallar ƙungiya da tukunya, to a yi haƙuri a ji dalili. Shekarar da Mma ta tafi aikin Hajji, babbar Sallah ta same mu a Nima mu takwas a gida, kuma babu mai tuƙa tuwo a cikinmu, domin Yaya tana gidan mijinta a Kumasi. Ni ne babba, sai nauyin ya faɗo kaina, ni kuwa ko ruwan shayi ba na son ɗorawa. Na ɗaura niyyar yin duk abin da Mma ta saba yi: tuwon shinkafa da miyar gyaɗa, da wake, da farfesun kayan ciki, da soyayyen nama. Har aka kira Isha'i tuwo na gudaji, miya ta kama, wake bai nuna ba. Baba ya aiki ƙaramin ƙanenmu ya sayo burodi, ya sha da shayi, ya kwanta bai ce mini uffan ba. Da ya yi faɗa, da ya fi mini sauƙi.

Kuskurena shi ne na kwaikwayi aikin da Mma ta yi shekara talatin tana yi, kuma da taimakon mata biyu ko uku na tsakar gida. Wanda ba ya son girki, abinci ɗaya ya kamata ya zaɓa, a tukunya ɗaya, sauran kuma ya saya ko ya raba wa ƙanne. Abincin da na ga ya fi dacewa shi ne dafa-duka, wato jolof, saboda babu tuƙi, babu miya ta daban, kuma romon naman layya shi ne zai yi maka rabin aikin. Shinkafar da ta sha romon rago, ko hannun mai dafawa bai ƙware ba, daɗinta zai rufa masa asiri.

Aikin yana farawa ne tun ranar jajibere. Ka shiga kasuwa da safe kafin rana ta yi zafi, musamman idan kana azumin Arfa. Ga gidan mutum takwas, ka yi lissafin goma sha biyu, domin ranar Sallah ba a rasa mai sallama, ga kuma kwanon maƙwabta. Ka sayi shinkafa kilo 2, albasa manya 5, ɗanyen tumatir kamar 8, tumatirin gwangwani giram 400, barkono daidai yadda gidanku ke ci, citta, tafarnuwa, gishiri, magi da man gyaɗa. A ranar ka haɗa tumatir da barkono da albasa uku ka kai inji a niƙa, ka tafasa niƙan har ruwansa ya ragu, sannan ka ajiye. Ka ɗaga tulun gas ka ji nauyinsa, in da kokwanto ka je a cika, ko ka tanadi gawayi da kolpot. Shito kuwa kada ka wahalar da kanka, ka sayi kwalba ɗaya wajen mai yi da tsabta, ka kuma ba mai sobolo ko lamurji ta unguwarku kuɗi tun yau ta ajiye muku.

Ranar Sallah ka lura da lokaci. A mazhabar Malikiyya da mafi yawanmu muka tashi a kai, ba a yanka sai liman ya yanka nasa, saboda haka kafin a dawo daga idi, a yanka, a feɗe, a rarraba, Azahar ta kusa. Kada ka yi wa kowa alkawarin abincin rana. A gasa hanta a ci da gari ko burodi a tare yunwa, babban abinci kuma a sa shi bayan Magariba. Ladan mahauci a ba shi kuɗi, domin ba a biyansa da naman layya ko fata.

Bayan Azahar ka ɗebi nama kilo 2, ka haɗa da mai ƙashi domin ƙashi ne ke ba da romo. Ka zuba a babbar tukunya mai kaurin gindi tare da albasa ɗaya, da dakakkiyar citta da tafarnuwa, da gishiri, ka rufe ba ruwa na minti goma har naman ya fitar da nasa ruwan, sannan ka ƙara ruwa ya rufe shi. A nan ne mutane da yawa ke yin gaggawa. Naman da aka yanka yau yakan sandare bayan 'yan awanni, ba ya saki sai ya kwana a sanyi, don haka ya fi na kasuwa tauri. Ka ba shi awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, in tsohon rago ne ma fiye. Ba a buƙatar ka tsaya a kansa. Je ka gaida baƙi, ka yi La'asar, ka dawo ka tsira cokali mai yatsu, in ya shige ba gardama ya yi.

Sai ka tsame naman, ka juye romon a kwano, ka mayar da tukunyar kan wuta da mai kamar kofi ɗaya da rabi. Ka soya naman kaɗan-kaɗan har ya yi ja, ka kwashe. A cikin man nan ka soya albasar da ta rage, ka zuba tumatirin gwangwani kana juyawa kamar minti biyar har jansa ya yi duhu, tsaminsa ya fita, sannan ka juye niƙan jiya da magi. Idan ka ga mai ya taso sama, miya ta soyu. Wannan kwata na awa shi ne kaɗai lokacin da tukunya ke son ka tsaya kusa da ita, kuma wanda ya iya zuwa Tulaku a Ashaiman ya yi awa biyu cikin rana yana cinikin rago, bai kamata wannan tsayuwa ta gagare shi ba.

Yanzu ka wanke shinkafa har ruwan ya washe, ka tsane ta, ka zuba cikin miyar ka juya ko'ina ya samu. Ka zuba romo har ya zo daidai da saman shinkafar, ya ɗan haura kaɗan kawai. Shinkafa mai ƙamshi da aka fi saye a Accra ba ta son ruwa da yawa, in ka cika sai ka samu fate. Ka ɗanɗana ruwan, in gishirinsa ya ɗan fi yadda kake so, to daidai ke nan, shinkafa za ta shanye. Da ya tafasa ka rage wuta ƙasa sosai, in kolpot ne ka kwashe rabin garwashi, ka rufe bakin tukunya da takardar alminiyom sannan murfi. Wasu suna rufewa da baƙar leda, ni dai ba na ba da wannan shawara, leda da zafi ba abokan juna ba ne. Bayan minti 20 ka buɗe ka juya sau ɗaya daga ƙasa, ka sake rufewa minti 15. Tururi ne ke dafa ta, yawan buɗewa shi ke sa ta yi tsakiya. In gindin ya ɗan kama kada hankalinka ya tashi, ƙanzo ne, kuma za ka ga yara suna rigima a kansa.

Yayin da shinkafa ke turara, ƙanne su shiga aiki: ɗaya ya dafa ƙwai goma sha biyu ya ɓare, ɗaya ya yanka kabeji da kokwamba da karas, ɗaya ya je ya karɓo sobolo. Ina magana da samari musamman. Shekara da shekaru muna cin ado mu fita yawon Sallah, iyayenmu mata da ƙannenmu suna gaban murhu tun asuba har dare, wata ko sabon kayanta ba ta samun sawa sai washegari. Alhali Imamul Buhari ya ruwaito daga Uwar Muminai A'isha, Allah Ya yarda da ita, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana yi wa iyalinsa hidima a cikin gida, idan lokacin salla ya yi sai ya fita. Ba sai Mma ta tafi Makka ba kafin ka ce mata, "Mma, bana ki zauna ki karɓi gaisuwa, abincin dare nawa ne." Za ta yi dariya, za ta kuma leƙo madafa sau biyar, ka ƙyale ta.

Kafin ku zauna, a fara cika kwanon maƙwabta, har da waɗanda ba Musulmi ba da muke tsakar gida ɗaya da su, a aiki yara su kai da zafinsa. Sannan a juye sauran a faranti babba, a jera nama da ƙwai a kai, shito a gefe.

Abu na ƙarshe shi ne ragowa. Dafaffiyar shinkafa ba ta son zama a zafin ɗaki fiye da awa biyu, domin akwai ƙwayar cuta da ke yaɗuwa a cikinta, wadda ɗumame ba ya kashe dafinta. Abin da ya rage a baza shi ya huce a sa a firij, in kuma an ɗauke wuta a rabar da shi a daren. Ɗanyen naman da bai samu wuri a firij ba, a tafasa shi da gishiri a soya ya bushe sosai kafin a kwanta. Tukunyar kuwa a jiƙa ta da ruwa, da safe wanda ya fi kowa cin ƙanzo shi zai wanke.

Wassalamu alaikum, sai fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.