Yaɗiya, Suturar Ƙasar Adar

Manoman arewacin Adar, tun daga karkarar Tawa har Barmu da Takanamat, mas'ala guda suke yawan kawowa, wato yadda fako ke ƙara cin gona kowace shekara, alhali mai ita bai gaza da noma ba. Illar kuwa ba ɓoyayya ba ce, domin idan aka girbe hatsi, aka kwashe kara saboda dabbobi da darni, ƙasa takan zauna tsirara wajen wata takwas, iskar hunturu ta ɗebe lallausan samanta, guguwar da ke gabatar ruwan farko ta ƙarasa saura, har ruwan da Allah Ya saukar, wanda a Tawa da ƙyar yake kai milimita 400 a shekara, ya tarar da doron da ba ya sha, ya gangara kwari ya bar gona da ƙishirwa.

Tun bayan farin 1984, albarkacin aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da tassa, wato ramukan shuka masu tare ruwa, da ta yaɗu daga Ilela da Badagishiri, jama'a sun ƙware wajen haƙa ramuka da kunyoyi masu siffar rabin wata da jera duwatsu, kuma ba mai musun fa'idar wannan. Sai dai kunyar rabin wata, muddin ba a yi mata sutura ba, damina kaɗan take gani ta zube. Shawarata ita ce a tufatar da ita da yaɗiya, wadda masana tsirrai ke kira Leptadenia hastata, wadda kuma muka saba rainawa don kawai tana fitowa ba da wahalar kowa ba. Saiwarta tana nutsawa nesa, saboda haka takan zauna kore a lokacin da ciyawa ta ƙone, rassanta kuma suna shimfiɗa a ƙasa suna tare rairayi da ganyen da iska ta kwaso, har taki ya taru a ƙarƙashinta.

Irinta shi ne abin da ke bukatar lura. Da yake 'yar'uwar tumfafiya ce, ƙwayarta tana da farin gashi, da zarar kwanso ya tsage sai iska ta tafi da ita. Wajibi ne a tsinke kwanson bayan kaka, sa'ad da ya ƙosa bai buɗe ba, a shanya shi cikin buhu, a murje gashin, a adana a busasshen wuri. Idan damina ta zauna, a zuba taki cikin tafi ɗaya a ramin tassa ko a gindin kunya, a sa ƙwaya uku ko huɗu zurfin gaɓar yatsa, a bar taku biyu tsakanin rami da rami, bayan sun tsiro a rage a bar mafi ƙarfi.

Shekarar farko ita ce ta haƙuri, domin akuya da raƙumi suna matuƙar son ta, idan suka same ta tana ƙarama kuwa sai su cinye ta har tushe. Lalle a kewaye ta da ƙayar magarya ko ta aduwa, a kuma yi magana da makiyaya cikin mutunci, tunda su ma za su ci moriyarta. Malamai sun karantar da mu cewa shukar da mutum ko dabba ya ci daga gare ta sadaka ce ga mai ita.

Daga shekara ta biyu mata suna iya tsinkar toho da fure, a dafa a zubar da ruwan ɗaci, a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli, musamman a bazara da rumbu ya yi ƙasa. A tsinki kan reshe kawai, kada a tumɓuke, kada kuma a kwashe fiye da rabin ganyen gindi ɗaya a lokaci guda, domin wannan israfi ne da ke kashe ta. Inda aka dasa ƙananan itatuwa cikin rabin wata, a riƙa janye rassanta daga jikinsu ana kwantar da su kan kunya, saboda tana hawa, tana iya nannaɗe dashe ta danne shi kafin ya yi ƙarfi.