Kafin ka zura kaset a kyamara

Ɗana, na ji ka karɓi aikin kwashe tsofaffin kaset-kaset na MiniDV zuwa kwamfuta, na biki da na suna da ragowar na 'yan fim. Allah ya yi albarka. Amma zauna tukuna, akwai abin da ba a rubuta a jikin kwali ba.

Tun 1995 da manyan kamfanoni suka yarda da tsarin DV, girman kaset ɗin ɗaya ne, ko na Sony ne, ko Panasonic, ko JVC, ko TDK. Faɗin zaren milimita 6.35, galibi awa guda yake ɗauka. Kowanne zai shige kyamararka lafiya lau, shi ya sa yara ke ɗaukar duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Kowane zare akwai ɗan maiko da aka shafa masa don ya zame a kan hed, wanda ke juyawa sau 9,000 a minti. A ƙarshen shekarun 1990 maganar da ta cika bakin masu kyamara ita ce maikon Sony mai danshi ne, na Panasonic busasshe, idan suka haɗu a hed ɗaya sai su cuɗe kamar gari ya sha ruwa, su toshe shi. Za ka gane alamar: hoto ya farfashe gida-gida, ko ratsi ya gitta allo, murya tana yankewa. Wasu sun ce kamfanonin sun gyara abin daga baya, wasu suka ce ƙura ce kawai ake ɗora wa kaset laifinta. Ni ban ga ribar wannan gardama ba. Ware su iri-iri ba ya cin ko sisi. Gama da na kamfani ɗaya, ka goge hed, sannan ka shiga na gaba. Kaset ɗin gogewar ma kada ka wuce daƙiƙa goma da shi, don kankara yake yi. In ka gwada sau biyu bai washe ba, kai wa mai gyara. Lokacin hunturu kuwa, rufe taga kafin ka buɗe ƙofar kyamara.

Abin da zai fi wahalar da kai ma ba sunan kamfani ba ne, yadda aka yi ɗaukar ne. Masu ɗaukar biki sun so LP ƙwarai, don kaset na minti 60 ya kai 90, a yi kamu da ɗaurin aure a kaset guda. Tsimi ne mai tsada. Layin da hed ke rubutawa yana ragewa daga maikiron 10 zuwa 6.7, har ya zama wata kyamarar ba ta iya bin sawun 'yar'uwarta. Idan ka ci karo da irinsa, tambayi masu shi ko kyamarar da ta ɗauka tana nan, ko da a ƙasan akwati take. Ita ce ta fi sanin hannunta.

Akwai kuma DVCAM da Sony ya fitar a 1996, mai layi maikiron 15, inda kaset na minti 60 ke ƙarewa a 40. Ba kowace kyamara ke karanta shi ba. HDV na 2003 ya fi yaudara: kaset iri ɗaya ne, amma kyamarar DV zalla ba za ta nuna maka hotonsa ba. Haka wanda aka ɗauka da kyamarar da aka zo da ita daga Amurka, tsarinta NTSC, namu PAL. Don haka kada ka ga allo shuɗi ka ce wa mutane kaset ɗinsu babu komai. Wataƙila hoton mahaifin wani ne da ya rasu, kuma babu shi a ko'ina sai nan.

Kafin ka zura kowanne, tura ɗan makullin da ke gefensa zuwa SAVE, kada yatsa ya kuskure ya taɓa jan maɓalli. Nemi wayar FireWire, ita ke kwaso hoton yadda yake, ka tanadi wajen gigabait 13 ga kowace awa. In ka gama, mayar da zaren farko, ka jera su a tsaye cikin gidajensu, ka ce wa masu su kada su ajiye su inda rana ke bugawa.