Tsagar Rufin Ɗakin Ƙarƙashin Ƙasa

Rufin ɗakin ƙarƙashin ƙasa shi ne daɓen da iyalinku ke takawa a sama, don haka kada ku yi wasa da tsagar da ke ƙara buɗewa. Ku ja layi da fensir a ƙarshenta, ku rubuta kwanan wata, ku riƙa dubawa duk mako.

Don Allah kada ku bari a shafe ta da siminti, ɓoye ciwo ne kawai. In kun ga jan tsatsa a bakinta, ruwa ya kai ga rodi, kuma rodi in ya yi tsatsa kumbura yake yi ya fasa kankare. Idan rufin ya fara lotsawa ko yashi na zubowa, ku kwashe yara da kaya masu nauyi daga sama, ku kira injiniyan gini a ranar.