Nuhu da Mayafin 'Ya'yansa

Karatu: Farawa 9:20-27

Nuhu adali ne, shi ne Allah ya tsirar daga ruwan tufana. Amma bayan wannan ya dasa gonar inabi, ya sha ya bugu, ya kwanta tsirara cikin alfarwarsa. Idan abin sha ya kā da Nuhu, kada waninmu ya ce ya fi ƙarfinsa.

Ku lura da 'ya'yansa. Ham ya gani, ya fita waje ya ba da labari. Shem da Yafet kuwa suka ɗauki mayafi, suka shiga da baya da baya, suka rufe ubansu.

Ya 'yan'uwa, sawun wa muke bi? Akwai magidanci a cikinmu wanda dawarsa takan ƙare a gidan burukutu tun damina ba ta faɗi ba. Akwai saurayi wanda tiramol ko kodin ya kama, abin da ya yi ɓarna har gwamnatin Nijeriya ta hana yin maganin tari mai kodin a 2018. Mukan yi zancensu a bakin ɗakin sujada, amma wa ya taka zuwa gidansu?

Rufewa dai ba ƙyalewa ba ce. Wanda ya shekara da shekaru yana shan giya kullum, in ya bari farat ɗaya jikinsa yakan yi rawa, ya yi ta gumi, wani har ya faɗi kamar mai farfaɗiya, rai ma yakan salwanta. Saboda haka kada dattawa su sa shi ya yi alkawari kurum su tafi. A yi addu'a tare da shi, a raka shi asibiti, a kuma aiki matan zumunta su duba ko matarsa da yara suna da hatsi.