Amsar Tambaya: Ɗalibai da Kasuwar Intanet

Tambaya: Ni malamin jami'a ne a Kano, ɗan asalin Kiru. An ba ni darasin koyar da sana'a, kuma ina so ɗalibaina su iya ciniki ta intanet. Ta ina zan fara?

Amsa: Malam, Allah Ya ƙara basira. Fara da haja. Buɗe shafi a Jiji ko Facebook Marketplace aikin awa guda ne, yaran nan ma sun fi mu iya shi. Abin sayarwa ne ke ba su wuya, alhali yankinku cike yake da shi: shinkafar Tudun Wada, dankalin turawa da masarar Doguwa, kifin madatsar Tiga a Bebeji.

Raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni ya ɗauki haja ɗaya, ya je ya zauna da manomi ko dillali, ya rubuta kuɗin saye, dako, buhu da na mota zuwa Kano. A nan ciniki ke mutuwa. Dankali ba ya jiran mai saye, kifi kuwa sai busasshe. A ganina shinkafa ta fi dacewa da sabon shiga.

Koya musu ɗaukar hoton gaskiya, da tabbatar da shigar kuɗi a asusu kafin sakin kaya, don 'yan damfara na turo rasit na bogi. Sayarwa a Jumia da rajistar kasuwanci a hukumar CAC su jira zango na biyu.

Makin jarrabawa kuma, ɗora shi kan littafin ciniki, ko da faɗuwa aka yi.