Masu Rubuta Labaran Bincike: Yaya Suke Kama Ɓarawo a Kan Takarda?

Darasin da na kawo a allonmu na wannan mako a kan marubutan labaran laifi da na bincike ne: su wane ne, ina suka koyo aikin, kuma me za mu ɗauka daga wurinsu.

Iri biyu ne

Labarin laifi shi ne wanda tun farko mai karatu ya san wanda ya yi ɓarnar. Abin da yake jira shi ne ya ga yadda ƙarshensa zai kasance. Labarin bincike kuwa ana ɓoye mai laifin, sai a sa wani mai basira ya bi diddigi har ya gano shi. A na farko tambayar ita ce "yaya za ta ƙare?" A na biyu kuma "wa ya yi?"

Namu na gida

A 1933 aka yi gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, Hukumar Talifi ta Zariya ta buga littattafai biyar. Ɗaya daga cikinsu shi ne Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East. Labarin wani saurayi ne, Abubakar, wanda attajiri Malam Shehu ya aure masa budurwa, Zainab. Abubakar ya ƙudiri ramuwa, ramuwar ta faɗa kan ɗansu Kyauta, ya tashi ɓarawo. Wannan labarin laifi ne, domin ba a ɓoye mana kowa ba.

A 1982 littattafai biyu suka fito daga marubutan Katsina. Sulaiman Ibrahim Katsina ya rubuta Turmin Danya a kan wani hamshaƙin attajiri mai fasa ƙwauri. Bature Gagare ya rubuta Ƙarshen Alewa Ƙasa, labarin gungun miyagu masu makamai. Katsina tana bakin iyaka da Jamhuriyar Nijar, saboda haka zancen fasa ƙwauri ba baƙon abu ba ne a kunnen mutumin can.

Akwai kuma Cyprian Ekwensi, wanda aka haifa a Minna a 1921, ya rasu a 2007. Ya yi aikin gandun daji, ya kuma karanci haɗa magunguna. Da Turanci ya yi rubutu, amma littafinsa The Passport of Mallam Ilia, wanda ya fito a 1960, a ƙasar Arewa labarinsa ya faru. Wani mutum ne ya shafe shekaru yana neman wanda ya kashe masa mata.

Na ƙasashen waje

Arthur Conan Doyle likita ne, an haife shi a birnin Edinbura na Birtaniya a 1859. Yana ɗalibi ya yi wani malami mai suna Joseph Bell. Wannan malami idan mara lafiya ya shigo, sai ya dubi hannunsa da takalminsa da tafiyarsa, ya faɗi sana'arsa da inda ya fito tun bai buɗe baki ba. Da Doyle ya buɗe ɗakin duba marasa lafiya, mutane ba sa zuwa da yawa, sai ya riƙa rubutu yana jiransu. Halin malamin nan nasa ya ɗauka ya ƙirƙiro mai binciken nan Sherlock Holmes, wanda ya fara bayyana a 1887. A 1893 Doyle ya gaji da shi ya kashe shi a cikin labari. Masu karatu suka ƙi yarda, bayan wasu shekaru ya dawo da shi.

Agatha Christie 'yar Ingila ce, an haife ta a 1890, ta rasu a 1976. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ta yi aikin jinya, daga baya aka mayar da ita ɗakin ba da magani. A nan ta san maganin da ke warkarwa da wanda ke kisa idan ya yi yawa. Littafinta na farko ya fito a 1920, kuma da guba aka yi kisan da ke cikinsa. Kafin ta rasu ta rubuta littattafan bincike 66.

Ku lura da abu ɗaya. Doyle daga ɗakin likita ya ɗauko iliminsa, Christie daga ɗakin magani. Ba wanda ya je makarantar 'yan sanda a cikinsu. Kowa abin da ke gabansa kullum ya kalla da kyau, shi ya zama jarinsa.

Yadda ake gina labarin bincike

1. Ana fara shi daga ƙarshe. Kafin marubuci ya rubuta layin farko, ya kamata ya san wanda ya yi laifin, da dalilinsa, da yadda ya yi. Sannan ya dawo baya ya lulluɓe.

2. Ana kawo mutane uku ko huɗu da za a iya zarga, kowa da dalilin da zai sa a yi masa kallon mai laifi.

3. Ana ajiye alamu. Alama ƙaramin abu ce: sawun ƙafa, taɓo a bakin wando, ko kalma ɗaya da ta suɓuce wa mutum. A fili ake ajiye ta, amma a tsakiyar wasu zantuka, yadda ido zai wuce ta.

4. Ana sa sawun ɓatarwa, wato abin da zai ja hankalin mai karatu ga wanda bai ji ba bai gani ba.

5. Ba a ha'intar mai karatu. Duk abin da mai bincike ya gani, mu ma sai an nuna mana. Idan a shafin ƙarshe aka jawo wani baƙo da ba a taɓa ambata ba aka ce shi ne, ko aka ce a mafarki aka gano, labarin ya lalace.

Ga misali, ku gwada

Wani manomi yana da buhun farar masara da na ja a zaurensa. Ya wayi gari babu buhu ɗaya. Bai gaya wa kowa wanne ba ne, cewa kawai ya yi an ɗauke masa buhu. Mai unguwa ya kira mutum uku. Na farko baƙo ne mai tallar kwanuka da ya kwana a ƙauyen, jama'a duk shi suke nunawa. Na biyu maƙwabci ne, an ga sawun takalminsa a ƙofar zauren. An yi ruwa da daren, ƙasa ta yi laushi, amma sawun shigarsa da na fitarsa zurfinsu ɗaya. Na uku mai baro ne da ke yi wa manomin dako. Da aka tambaye shi sai ya ce, "Ranka ya daɗe, ni me zan yi da jar masara? Gidanmu fara muke ci."

Baƙon nan shi ne sawun ɓatarwa, laifinsa kawai ba a san shi ba. Saura biyu. Ku tuna cewa wanda ya ɗauko kaya mai nauyi ƙafarsa ta fi nutsewa a taɓo. Wanda kuma ya lura da kalma ɗaya a maganar da aka yi, ya riga ya kama ɓarawo.

Mu ma muna da jari

Kada mu ce sai Landan ake samun irin wannan labari. Masunci a madatsar ruwa ta Tiga ya san ƙullin komarsa ko da an sace ta an kai wani gari. Makiyayi a gefen dajin Falgore yana gane sawun saniyarsa cikin sawu da yawa. Mai casar shinkafa a Tudun Wada da ya damƙi tsaba ya san irinta. A Riruwai akwai tsofaffin ramukan haƙar kuza, a Kwanar Ɗangora akwai kasuwa da motocin da ba sa yankewa. Duk waɗannan wuraren labari ne, kuma iyayenmu sun san sirrin sana'o'in. Tambaya kawai za mu yi, mu rubuta.

Abin da ya fi muhimmanci

A kusan duk labarin bincike, wanda aka fara zarga ba shi ne mai laifin ba. Wannan darasi ne gare mu. Idan biro ko kuɗin tara ya ɓata a aji, nan da nan sai a nuna sabon ɗalibi, ko wanda rigarsa ta tsufa, ko wanda bai iya kare kansa da baki ba. Daga baya a tsinci abin a ƙasan benci, amma sunan "ɓarawo" ya riga ya bi yaro har gida. A kasuwa kuwa ihun "ɓarawo" kan sa a yi wa mutum dukan da ba zai tashi ba, tun ba a tambaye shi komai ba. Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. A darasin addini ma an koya mana cewa wanda ya yi da'awa shi ne zai kawo hujja. Mai bincike nagari yakan tsaya ya tambayi kansa: me na gani da idona, me kuma aka faɗa mini kawai?

Aikin mako

1. Mene ne bambancin labarin laifi da labarin bincike?
2. Wa ya ɗauke buhun masara, kuma mece ce hujjarka?
3. Rubuta labarin bincike da bai wuce shafi ɗaya ba, wanda ya faru a garinku, mai ɗauke da alamu biyu da sawun ɓatarwa ɗaya.

A miƙa amsa ga malaminmu mai kula da ƙungiyar 'yan jarida kafin ranar Alhamis. Labarin da ya fi kyau za a liƙa shi a wannan allo. Allah Ya ba mai rabo sa'a.